Motar Daji Da Yadda A Ke Riƙonta

Duk wanda garinsu ya ke nesa da kwalta ya san abin da damina ta ke yi wa hanya. Tun daga watan Yuli har ƙarshen Satumba ƙananan motoci su kan daina zuwa. Rafi ya kawo, fadama ta zama taɓo, kwalbati ya karye. A irin wannan lokaci, in haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, ko maciji ya sari manomi, mota iri ɗaya ce ta ke iya fid da su zuwa asibiti. Ita ce wadda mu ke kira jif, ko motar daji. Ita ce ta ke kawo mana masu allurar rigakafi, da malaman gona, da likitan dabbobi.

Yanzu a garuruwa da yawa a kan sami mai hali ya sayi tsohuwarta, ko kuwa ƙungiyar manoma su haɗa kuɗi su saya. Saboda haka ya kamata mu san ta, da masu saye da masu shiga. Mutane su kan ce irin wannan mota ba ta mutuwa. Wannan magana ta kashe motoci da yawa. Gaskiya ne ta fi sauran motoci ƙarfi, amma aikin da a ke sa ta ya fi nasu wuya nesa ba kusa ba. In kuwa ta lalace, ba a bakin tasha ta ke lalacewa ba, sai inda babu kowa.

Asalinta

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1941, sojan Amurka suka fara aiki da wata ƙaramar mota mai bin ko wace irin hanya. Sunanta Jeep. Daga nan mu ka sami kalmar jif.

Bayan yaƙi, wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, mai suna Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey. Da tsohuwar Jeep ta soja ya ke aikin gonar. Cikin 1947 ya ga ya kamata kamfaninsu ya ƙera irinta domin manoma. Aka ƙera, aka sa mata suna Land Rover, aka fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu, 1948. A lokacin nan baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai aka yi bodinta da alminiyum, irin ƙarfen nan marar nauyi da a ke tukwane da shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Ita ce Landirobar da tsofaffinmu suka sani, wadda Di'o da ma'aikatan En'e su ke rangadi da ita.

Mutanen Japan kuma ba su zauna ba. Kamfanin Toyota ya ƙera tasa cikin 1951, aka sa mata suna Land Cruiser cikin 1954. Akwai wani irinta da aka fara cikin 1984, mai lamba 70, wanda har yanzu ana yinsa, ba a canza shi ƙwarai ba. Tsohon irin Land Rover kuwa an daina yinsa a watan Janairu na 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu. Wadda a ke sayarwa yanzu da sunan Defender wata mota ce dabam, cike da kwamfuta, ba ta makanikin ƙauye ba ce. Wanda ya je Agadas zai ga yawancin motocin da su ke shiga hamada na Toyota ne. Babban dalili shi ne kayan gyaransu suna ko ina.

Abin da ya bambanta ta

Ƙaramar mota tana da taya huɗu, amma biyu kaɗai injin ya ke juyawa. Sauran biyun bi kawai su ke yi. In biyun nan masu aiki suka faɗa laka, tafiya ta ƙare. Motar daji kuwa injinta yana iya juya duka huɗun. Bayan akwatin giya akwai wani ƙaramin akwati, shi ne ya ke raba ƙarfin injin, ya aika da rabi gaba, rabi baya. Shi ya sa za ku ga sandar giya fiye da ɗaya kusa da direba.

A tsohuwar Landiroba akwai sanda mai kai rawaya da mai kai ja. In aka danna rawayar ƙasa, taya huɗu sun kama aiki. In aka jawo jar baya, mota ta shiga ƙaramar giya, gudu ya ragu ƙwarai, ƙarfin ja ya ƙaru. A Land Cruiser sanda ɗaya ce, an rubuta mata H2 da H4 da L4. H2 taya biyu ke nan, domin kwalta da busasshiyar hanya. H4 taya huɗu, domin yashi da santsi. L4 taya huɗu da ƙaramar giya, domin hawan tudu, da gangara mai tsanani, da ƙetare rafi. A waɗansu kuma sai an sauka an murɗa wani abu a cibiyar tayoyin gaba, daga inda aka rubuta Free zuwa inda aka rubuta Lock. In ba a murɗa ba, ko an sa H4 tayoyin gaba ba za su ja ba. A murɗa tun kafin a shiga taɓo. Ba daɗi mutum ya tsuguna cikin laka yana laluben cibiyar taya.

To, ga abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Ba a tafiya da H4 ko L4 a kan kwalta. Ku tuna da shanun noma sa'ad da suka kai ƙarshen kunya za su juya. San da ke waje ya fi na ciki yawan taku. Haka tayoyin mota su ke a kwana. Na waje sun fi na ciki tafiya, na gaba kuma sun fi na baya. In an ɗaure gaba da baya wuri ɗaya, dole wata taya ta ɗan zame kafin lissafi ya daidaita. A yashi ko laka zamewa ba wuya. A kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, ba ta zamewa, sai ƙarafan ciki su riƙa murɗuwa. Sitiyari ya yi nauyi, taya ta cinye, sandar giya ta ƙi fita, wata rana haƙoran giya su karye. Akwai irin da kullum taya huɗu su ke ja, kamar Land Rover da aka yi daga 1983. Su an sa musu abin da ke daidaita gaba da baya, amma suna da makulli, shi ma ba a kulle shi a kwalta.

A tsakiyar ko wane aksul akwai wani ƙullin ƙarfe mai kama da kabewa. A cikinsa akwai haƙoran da ke bar wa tayar dama da ta hagu damar juyawa ko wace da gudunta. Wannan yana da amfani a kwana, amma yana da aibu ɗaya. In taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita za ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya cik. Shi ya sa mu kan ga jif ta kafe alhali an sa taya huɗu. Direban da bai gane ba sai ya yi ta ba ta wuta, taya ta yi ta haƙa rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Abin yi shi ne a tsaya tun da wuri. A haƙe gaban tayar, a cusa rassan itace ko duwatsu ko tsohuwar tabarma, sa'an nan a koma da baya a kan sawun da aka shigo.

In za a saya

Yawancinmu tsohuwa za mu saya, 'yar Kwatano ko wadda wata ma'aikata ta gama da ita. Kada fenti ya ruɗe ku. Ku shimfiɗa buhu ku shiga ƙarƙashinta, ku da makanikin da ku ka zo da shi, ba na mai sayarwa ba.

Abin dubawa na fari shi ne shasi, watau dogayen ƙarafan nan biyu da bodi ya ke zaune a kansu. Shi ne ƙashin bayan mota. Mun ce bodin Landiroba alminiyum ne. Ba ya tsatsa, saboda haka ta kan yi kyan gani ko ta shekara talatin. Amma shasinta baƙin ƙarfe ne, yana ruɓewa daga ciki. A ƙwanƙwasa shi da guduma. Mai lafiya yana ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, tsatsa tana zubowa. In kun ga walda a shasi, ko sabon baƙin fenti mai kauri a wuri guda, ku tambayi dalili.

A zo da safe a ta da injin tun yana da sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana cin baƙin mai. A gwada ta a yashi, a tabbata taya huɗu suna ja, domin a kan sami wadda aka cire mata furofelar gaba aka yi shiru. A gwada lambar shasi da ta injin da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi, a ga takardar kwastan.

Akwai kuma zancen sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, daidai da Nijar da sauran maƙwabta. Tun daga nan sitiyarin motocinmu a hagu ya ke. Motar da aka yi domin Japan ko Ingila nata yana dama, sai waɗansu su yanke su mai da shi hagu. In aikin ya zama na walda da ƙiƙƙira, mu dai ba mu ba da shawarar saye ba, ko da araha. Ƙarfen sitiyari da aka yi wa walda ba ya gaya wa kowa ranar da zai rabu.

Kafin a biya, a zaga kasuwar kayan mota mafi kusa, a tambayi abu uku ko huɗu na irin motar. In sai an aika Legas kafin a samu, a nemi wata.

Ƙura

Injin yana numfashi kamar mu, har ya fi mu nesa. Ko wace lita ta mai da ya ƙone sai ya shaƙi iska lita dubbai. A hanyar burji da lokacin hunturu iskar nan cike ta ke da ƙura, ƙura kuwa garin dutse ce. In ta shiga injin ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa wuƙa ya ke ci. Abin da ke tare ta shi ne matacin iska.

Na tsohuwar Landiroba tukunya ce mai baƙin mai a gindi. A kan zubar da man, a wanke, a zuba sabo. Na motocin yanzu takarda ce. Ba a wanke ta da ruwa ko fetur. A ciro ta, a bubbuga a hankali, a ɗaga ta wajen rana a duba. In akwai huda ko da ta allura ce, ta gama aiki. Kada a yi tafiya babu ita, ko da daga gida zuwa kasuwa ne.

Baƙin mai kuma, a irin hanyoyinmu, a juye shi duk bayan kilomita 5,000, tare da matacinsa. Kallon launinsa ba ya gaya mana kome, domin a injin gas ya kan yi baƙi cikin kwana kaɗan. Lambar da ke gaban direba ita ce shaida. A ajiye ɗan littafi a cikin motar. Duk ranar da aka juye mai, ko aka sa giris, ko aka sayi taya, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita da kuɗin da aka kashe. In motar ta ƙungiya ce, littafin nan ya kan raba gardama da yawa. A cikinsa kuma a riƙa rubuta abin da aka ware daga kuɗin ko wace tafiya domin gyara. Ƙungiyar da ta raba ribar duka, ranar da kuloci ya ƙone sai ta koma karo-karo.

Man da a ke sha shi ma abin lura ne. Na 'yan bumburutu sau da yawa da ruwa ko datti a ciki, ko an gauraya shi da kananzir. Famfon mai da nozul na injin gas ba su jure ruwa, gyaransu kuwa yana da tsada ƙwarai. In ba makawa sai an saya, a tace da ƙyalle mai tsabta. A ƙarƙashin matacin mai akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwan da ya kwanta, a riƙa buɗe shi.

Ko wace safiya, kafin a ta da mota, direba ya duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, da fambel, ya leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Gargada tana kwance noti, saboda haka a riƙa bin na tayoyi da na sifirin da sifana. Bayan an bi cikin ciyawa a share gaban lagireto, a cire busasshiyar ciyawar da ta naɗe a salansa, domin ta kan kama wuta. Ba a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Ruwa

Nan ne rai ya ke shiga ciki, ba dukiya kaɗai ba. Jif ba jirgi ba ce. Masu ƙera tsohuwar Land Rover sun ce kada zurfin ruwa ya wuce santimita 50, watau wajen gwiwar babban mutum. Na Land Cruiser 70 santimita 70 ne. Wannan kuwa ruwa kwantacce a ke nufi. Ruwa mai gudu wani abu ne dabam. Hukumar duba yanayi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗauke ko babbar mota. Motar ta kan ɗan taso kamar ƙwarya, tayoyi su rabu da ƙasa, shi ke nan sai inda ruwa ya kai ta.

Saboda haka in an iso rafi a tsaya. Mutum ya shiga da sanda ya auna, ya ji ko ƙasan yashi ne ko laka, ko ruwa ya yanke hanya. In mutum ba ya iya tsayawa a ciki, mota ma ba ta iyawa. Rafukanmu da yawa su kan janye cikin sa'o'i kaɗan bayan an ɗauke ruwan sama. A jira. Fasinjoji kuma su daina zuga direba.

In za a shiga, a sa L4, a tafi a hankali da gudu ɗaya, kada a canza giya a tsakiya. In injin ya mutu a cikin ruwa, kada a sake ta da shi. Ga dalili. Fistin aikinsa matse iska ne, iska kuwa tana matsuwa. Ruwa ba ya matsuwa. In injin ya shaƙi ruwa ko da kofi ɗaya ne, fistin ya zo ya buge shi, sai sandarsa ta lanƙwashe ko ta fasa injin. A jawo motar waje, makaniki ya fid da ruwan tukuna.

Bayan an haye lafiya ma da sauran aiki. Birki ya jiƙe, ba zai kama sosai ba. A yi 'yar tafiya ana taka shi kaɗan kaɗan har ya bushe. Sa'an nan aksul da ya yi zafi da tafiya, in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa ta kan tsuke ta zuƙo ruwa. Da an koma gida a kwance notin kabewar nan a duba man. In ya koma fari kamar an dama fura da nono, ruwa ya shiga, a juye a sa sabo. A sa giris a furofela, a wanke lakar da ta maƙale a shasi, domin ita ce ke riƙe damshi ta kawo tsatsa.

Taya

Taya tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba. A gefenta akwai rubutu, a ƙarshensa akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu yin taya sun ce in ta shekara biyar a riƙa duba ta sosai, in ta kai goma a yar, kome kyan zanenta. A zafin ƙasarmu ba ta cika kai haka ba. Mai sayar da tsohuwar taya zai nuna muku zane, ku kuwa ku duba lamba.

A yashi mai zurfi a kan rage iska, wajen rabi. Tayar ta baje kamar tafin raƙumi, ta daina nutsewa. Amma da an fito a mai da iskar, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu a kwalta ta kan yi zafi ta fashe. Ke nan wanda ba shi da famfo a mota kada ya sace iska. Safaya ɗaya ba ta isa tafiya mai nisa. A ɗauki biyu, da jak, da guntun katako mai faɗi na ɗora jak a kai, da shebur, da igiya mai ƙarfi.

Ƙare-ƙare da canje-canje

Da wuya ka ga motar daji yadda ta fito daga kamfani. Kowa da abin da ya ke ƙara mata. Waɗansu ƙarin suna da amfani. Bututun nan da a ke ɗorawa a gefen gilashi har zuwa rufi yana sa injin ya shaƙi iska daga sama, inda ƙura ba ta da yawa. Yana da kyau, in an liƙe mahaɗansa sosai. Amma bai ba direba izinin shiga kogi ba, domin batir da wayoyi da aksul suna nan ƙasa inda su ke. Farantin ƙarfe na kāre cikin mota daga duwatsu, da tankin mai na biyu da aka ɗaura a ƙasa, su ma ba laifi.

Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne ƙarin sifirin domin a ƙara lodi. A nan sai mu yi magana a fili. Sifirin kaɗai aka ƙara. Birki yana nan yadda ya ke, haka aksul, haka shasi, haka taya. Motar ba za ta durƙusa ba, ido zai ga kamar ta ɗauka, amma nauyin da sifirin ya ƙi karɓa shasi ne ya ke karɓarsa, har ya tsage. Mai buɗaɗɗen baya an yi ta domin kaya wajen tan ɗaya, watau buhu goma na masara, kuma har da nauyin direba da fasinjoji a cikin lissafin. Akwai ɗan farantin da aka buga a jikin ƙofa ko kusa da injin, an rubuta iyakar nauyin a kai.

Kariyar rufi ta fi wannan haɗari. Jif da ma doguwa ce, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Ku dubi mace da tulu a ka. Muddin tana tafiya sosai lafiya lau, amma in ta yi tuntuɓe, tulun ne ke kayar da ita. Abin da masu ƙera motocin nan suka yarda a ɗora a rufi bai cika wuce buhu ɗaya ko ɗaya da rabi ba, har da nauyin kariyar kanta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka biyar masu lita 20 sun riga sun kai buhu. Kaya mai nauyi a sa shi ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Katifa da tabarma su hau sama. Mutum kuwa ba kayan rufi ba ne.

Haka zancen ɗaga mota da sa manyan tayoyi. Samari suna sonsa domin kyan gani. Ɗan ƙari kaɗan ba ya ɓarna. Amma in ya yi yawa, mota ta ƙara tsawo, ta ƙara saurin kifewa. Babbar taya tana rage ƙarfin birki, tana ƙara shan mai, tana wahal da aksul. Tsohuwar Landiroba da ma an san ta da karya sandar aksul ta baya. Agogon gudu kuma sai ya riƙa ƙarya, ya nuna ƙasa da gudun da a ke yi.

Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan injin da a ke kira tamostat. Makanikai da yawa su kan cire shi su yar, su ce na ƙasar sanyi ne. Mu ba mu yarda da wannan ba. Aikinsa ya tsare ruwa har injin ya yi ɗumin da ya dace, sa'an nan ya buɗe. In babu shi, injin ya kan daɗe da sanyi, ya ƙara shan mai, ya yi saurin cinyewa. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe, ko fambel ya saki, ko ruwa yana yoyo. A nemi dalilin. In tamostat ɗin ne ya lalace, a sa sabo.

Ƙarin fitilu a sa su da fis, in ba haka ba waya ta yi zafi ta ƙone motar. Ƙaton ƙarfen da a ke sawa a gaba yana kāre lagireto, amma in ya bugi yaro a cikin gari ba ya barinsa. In aka canza injin, a kai takardu a gyara lamba. Kuma duk igiyar da za a ja mota da ita a ɗaura ta a ƙugiyar da aka yi domin haka a jikin shasi, ba a bamba ba. Jama'a su ja da baya nesa, domin igiya in ta tsinke ta kan yi bulala.

In ta tsaya a inda babu kowa

Cikin 2013 motoci biyu cike da mutane suka tashi daga Arlit a arewacin Nijar, za su Aljeriya. Suka lalace a cikin hamada. Da aka bi sawu, gawa 92 aka samu, yawancinsu mata da ƙananan yara, da yawa kuwa mutanen Kance ne ta ƙasar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su.

Ba kowa ne ke shiga hamada ba, amma dokar tafiya ɗaya ce. Kafin a tashi a gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin da a ke sa ran isa, domin waya ba ta kamawa ko ina. A ɗauki ruwan sha, aƙalla lita 5 domin ko wane mutum a ko wace rana, da ƙarin na kwana biyu, ban da na lagireto. A ɗauki fambel, da matacin mai, da baƙin mai, da fis. Inda hanya ta ke da nisa ƙwarai, mota ɗaya ba ta tafiya ita kaɗai.

In ta tsaya a wurin da an san akwai gari kusa, mutum biyu su tafi da sanyin safiya ko na yamma, sauran su jira. In kuwa hamada ce, kada kowa ya bar motar. Masu nema sun fi saurin ganin mota da ganin mutum. A ɗaura zane ko tamfol a gefenta a yi inuwa, a zauna shiru da rana, a riƙa shan ruwa kaɗan kaɗan. Da dare a kunna fitila in an ji motsi. Da rana a haska madubin mota, ko a ja safaya nesa da motar a ƙone ta, baƙin hayaƙinta ana hangensa daga nesa. A sace iskarta tukuna kafin a sa mata wuta, domin kada ta fashe.